Ciki Ɗaya, Hali Daban: Yadda Na Riƙe 'Ya'yana Bayan Rasuwar Mahaifinsu

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, kuma uwar yara uku da nake riƙe da su tun bayan rasuwar mahaifinsu a 2019. Na rubuta wannan ne domin iyayen da suke da yaron da aka laƙaba wa suna a gida, miskili ko mai taurin kai ko fitinanne, har sunan ya bi shi makaranta.

A Kaduna muke zaune lokacin da maigidana yake raye, gidan haya mai ɗaki biyu da falo, daga mu sai yaranmu. Bai daɗe yana jinya ba Allah Ya karɓi abinSa. Ina fita takaba kuɗin haya ya ƙare, albashina kuma ba zai riƙe gidan ba, sai na tattara yara muka dawo gidanmu a cikin birnin Kano. Gidan gado ne mai sassa da yawa, ga matan yayyena da 'ya'yansu, zaure ba ya rabuwa da baƙi, tsakar gida ba ta yin shiru sai dare ya raba. A lokacin babbar tana da shekara 8, namijin da ke bi mata yana da 5, autar kuma ba a yaye ta ba.

Namijin ne ya fara tayar mini da hankali. A ɗakinmu yana surutu har sai na ce ya isa, amma da ya taka bakin ƙofa sai bakinsa ya kulle. Ba ya gaishe da kowa. In kawunsa ya miƙo masa hannu sai ya ɓuya a bayan zanina. Na sa shi a makarantar kuɗin da na sami aiki, zango guda cur malamarsa ba ta ji muryarsa ba, ko fitsari ya matse shi ba zai nemi izini ba. Babbar kuma akasinsa ce. Kullum sai an kawo ƙararta, ta mari wannan, ta mayar wa waccan magana, in ta fara kuka sai maƙwabta sun leƙo.

Ba a rasa masu fassara ba. Wasu suka ce na sangarta su a Kaduna, wasu suka ce maraici ne. Gwaggona ta ja ni gefe ta ce, "Ke dai a nema wa yaron nan taimako, wannan shirun ba na lafiya ba ne, kada ya zama iska ce ta taɓa shi." Dangin mahaifinsu suka aiko cewa a ba su yarinyar riƙo tunda ta fi ƙarfina, shi kuma a kai shi makarantar allo a ƙauye ya goge da mutane. Ba da mugun nufi suka faɗa ba, na sani. Amma daren da saƙon ya zo ban runtsa ba. Ga rashin miji, ga zama a ɗakin da na bari tun ina budurwa, ga shi ana shirin raba ni da abin da ya rage mini. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni malama ce, ina riƙe da aji guda na 'ya'yan mutane, amma ana kallona a matsayin wadda ta kasa da nata. Na roƙi Hajiya, mahaifiyata, ta nema mini alfarmar shekara guda kafin a yanke hukunci, ta amince, Allah Ya saka mata da alheri.

Azkar da tofi ban bar su ba, safe da yamma. Na kuma kai yaron asibitin koyarwa. Abu na farko da aka duba kunnensa ne, domin yaron da ya sha ciwon kunne yana iya rasa wani sashe na ji, a ɗauka miskilanci ne. Aka auna jininsa, saboda ƙarancin jini yana sa yaro sanyin jiki. Duk lafiya. Daga nan aka tura mu wajen wata ƙwararriya kan halayyar yara, kuma tambayar da ta fara yi mini ita ce ta buɗe mini ido: yaya yake tun yana goye? Sai na tuna. Tun yana wata shida ba ya yarda da hannun baƙo. Sabon abinci sai an yi ta kawo masa kafin ya taɓa. Ita kuwa babbar tun a zanin goyo kukanta ya fi na kowa ƙarfi, ba ta da lokacin barci tsayayye. Wato halin ba rasuwar ce ta kawo shi ba. Yana nan tun farko, gidanmu na Kaduna ne ya dace da shi shi ya sa bai fito fili ba. Rashin uba da cunkoson sabon gida su ne suka danne wurin da yake da rauni.

Ta yi mini bayanin aikin wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Alexander Thomas da matarsa Stella Chess, waɗanda tun daga 1956 suka bi rayuwar yara sama da ɗari daga jarirantaka har girma. Sun fitar da abubuwa tara da ake gane ɗabi'ar yaro da su: yawan motsinsa, ko yana da lokaci tsayayye na barci da cin abinci, ko yana tunkarar sabon abu ko yana ja da baya, saurin sabonsa da canji, yadda ƙara ko zafi ko ƙaiƙayin tufafi ke saurin damunsa, ƙarfin kukansa da dariyarsa, yawan fara'a ko ƙunci, saurin ɗaukewar hankalinsa, da nacinsa a kan abu. A cikin yaran da suka bi, kusan kashi 40 cikin ɗari masu sauƙin reno ne, kusan 10 masu wuyar sha'ani, kusan 15 masu jinkirin sabo, sauran 35 kuma ba su faɗa rukuni ɗaya ba, sun ɗebo nan sun ɗebo can. Wannan kaso na ƙarshe ya kamata a riƙe, domin gwaje-gwajen da ake yaɗawa a intanet, masu cewa amsa tambaya goma ka san launin halin ɗanka, suna tura kowane yaro cikin akwati da ƙarfi. Babban abin da likitocin nan suka gano shi ne ba halin yaron kaɗai ke jawo matsala ba, rashin dacewa ne tsakanin halinsa da yadda ake tafiyar da shi.

Da na kawo wa Hajiya wannan bayani ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba, ta ce zancen Turawa ne. Abin da ya shigar da ita shi ne hadisin Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais, wanda Manzon Allah (SAW) ya ce masa yana da halaye biyu da Allah Yake so, haƙuri da natsuwa. A ruwayar Abu Dawud ya tambaya ko shi ya koye su ko Allah ne Ya halicce shi a kansu, aka ce masa Allah ne Ya halicce shi a kansu. Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce ai ita ma a cikin 'ya'yanta babu biyu da ta yi wa tarbiyya iri ɗaya suka fito iri ɗaya.

Ana cikin haka aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona. Wahalar da aka sha a Kano lokacin kulle kowa ya sani, amma ni ta ba ni abin da ban taɓa samu ba, wato zama da yarana wuni guda ina kallonsu. Ƙwararriyar ta ce in sami littafi in riƙa rubuta abu biyar duk lokacin da rikici ya tashi: ƙarfe nawa ne, me ya faru gab da shi, me yaron ya yi, tsawon wane lokaci ya ɗauka, me ya kawo ƙarshensa. A yi haka sati biyu ba tare da an canza komai ba. Amfanin rubutun shi ne uwa mai gajiya tana tuna rigimar ne kawai, ba ta tuna abin da ya gabace ta. Littafin ya nuna mini cewa yawancin faɗan babbar yana zuwa ne kafin abincin rana, ko lokacin da aka katse mata wasa ba zato, ko washegarin daren da aka kawo wuta yaran gida suka kai sha ɗaya suna kallo. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, mai shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13 har da na rana. Yarinyar da za a tasa da asuba ƙarfe biyar da rabi, in ba ta kwanta wajen takwas da rabi ba, bashin barci take ɗauka, kuma a kan 'yan uwanta take saukewa. Gyaran barci da ɗan abin taɓawa da hantsi kaɗai sun rage rigimar sosai kafin in taɓa wani abu na tarbiyya.

Sauran aikin nata ya fi wuya. Yaro mai zafin rai da naci ba a yi masa dogon wa'azi a tsakiyar fushi, domin a lokacin ba ya jin komai, duk kalmar da aka ƙara itace ce ake turawa a wuta. Umarni gajere ne, a matso kusa a faɗa, ba a ƙwala shi daga kicin ba. Kafin a tashe ta daga wasa ana ba ta sanarwa, saura minti biyar, sannan saura ɗaya. Inda zai yiwu ana ba ta zaɓi biyu da duk na yarda da su: wanke-wanke kafin la'asar ko shara bayanta. Hukunci kuma gajere ne, mai alaƙa da laifin, wanda ba ya tashi. In ta doki wani za ta bar wasan ta zauna gefe kimanin minti ɗaya ga kowace shekara ta haihuwarta, in ya cika ta ba da haƙuri ta koma, ba a sake tayar da zancen. Abin da ke ɓata wannan tsari guda biyu ne. Na farko, barazanar da ba za a iya cikawa ba, kamar a ce ba za ta sake fita wasa ba har wata guda, kwana biyu a manta, ta gane maganar ba ta da nauyi. Na biyu, a kwanakin farko halin ƙaruwa yake yi kafin ya ragu, domin tana gwada ko katangar za ta faɗi, kuma a nan ne yawancin iyaye suke sakin hannu su ce bai yi aiki ba. A gidan yawa akwai na uku, wato kotun ɗaukaka ƙara. Tana kuka za ta ruga ɗakin Hajiya a soke hukunci. Sai muka zauna da Hajiya muka tsayar da dokoki uku kacal da ba ta sa baki a kansu: duka, zagin babba, da sallah. Sauran na bar wa kaka da jikarta.

Akwai abin da ya shafi al'adarmu a nan. Ita 'yar fari ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane. A Kaduna babanta ne yake cike wannan gurbin, shi ke ɗaukarta, shi ke sauraron surutunta. Da ya rasu babu wanda ya gaje shi, sai ya zama hanya ɗaya da take samun idona a kanta ita ce ta yi laifi. Ban yi fito-na-fito da al'adar ba. A tsakar gida ina nan da alkunyata, amma na ware mata minti goma kullum a ɗaki, daga ni sai ita, ita ke zaɓar abin da za mu yi, ba tambayar karatu, ba gyara, ba umarni. Ko ranar da ta yi laifi ba na soke shi, domin ba lada ba ne. Ko kitso da take ihu a kai, ashe fatar kanta ce ba ta jure ja. Da aka koma yi mata manya marasa tsauri, ranar kitso ta daina zama ranar yaƙi.

Shi kuwa namijin, ƙwararriyar ta ce abin nasa ya wuce jinkirin sabo kawai. Yaron da yake magana a gida amma ya kasa a makaranta fiye da wata guda, ban da watan farko na shiga, tsoro ne ya riƙe masa murya, kuma yana bukatar taimako na musamman. Wani masani a Jami'ar Harvard, Jerome Kagan, ya nuna cewa kusan jariri ɗaya cikin biyar yana firgita sosai da sabon abu tun yana wata huɗu, amma ba dukansu ne suke tashi da tsoron mutane ba. Yadda aka bi da su yana da tasiri. Hanya biyu ce ke ƙara musu tsoro, kuma dukansu daga ƙauna suke fitowa: a tilasta wa yaro a gaban jama'a, ko a kare shi daga komai har a riƙa amsa tambaya a madadinsa.

Abin da ke aiki shi ne hawa mataki-mataki. Gaisuwa muka fara da ita, tunda ita ce ta fi jawo mana magana. Satin farko durƙusawa kawai, ba sai ya ce komai ba. Da ya saba sai miƙa hannu. Sannan "ina kwana" a kunnena a gaban kawunsa, sannan a fili. Ba a hawa mataki na gaba sai na baya ya zama ba ya masa nauyi. In an yi masa tambaya ana jira daƙiƙa biyar cikakku kafin a sake magana. Daƙiƙa biyar tana da tsawo in baƙo yana tsaye yana kallonki, harshe yana ƙaiƙayin ki ce "ai kunya gare shi", amma duk ranar da aka faɗi haka a kunnensa an ba shi mafaka. Tambayar ma akwai yadda ake yinta. "Kana son shayi?" da kai zai amsa. "Shayi ko koko?" dole sai da baki. In za mu biki ko suna, tun a gida nake faɗa masa ina za mu, wa zai gani, yaushe za mu dawo, kuma muna zuwa da wuri kafin gida ya cika, domin ya fi masa sauƙi mutane su same shi a wuri da ya shiga cikin taro.

Da aka buɗe makarantu a ƙarshen shekarar muka kai tsarin aji. Bayan an tashi, ni da shi muke zama a ajinsa babu kowa, muna wasan da ke sa shi magana, minti goma zuwa sha biyar. Bayan wasu kwanaki malamarsa ta riƙa shigowa ta zauna can nesa tana duba littattafai kamar ba ruwanta. A hankali ta matso, ta shiga wasan, ni kuma na riƙa ja da baya har na fita. Daga nan aka ƙaro yaro ɗaya da yake sakin jiki da shi. An sami tangarɗa ranar da ya fara amsa tambaya a cikin cikakken aji, wata malama da ta shigo ta ce, "Lah, ashe kana magana!" yara suka tafa. Ya koma shiru na wani lokaci, sai da muka sauko mataki biyu muka sake hawa. Irin wannan yaron in ya yi magana ana amsa abin da ya faɗa ne kamar kullum yana yi. Yabon a bari sai an keɓe.

Bulala kuwa, a shekarun da na yi a aji na ga abin da take yi wa irin waɗannan yara biyu. Mai zafin rai tana koya masa cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya, sai ya sauke a kan ƙaramin da ke kusa. Mai tsoro kuma tana tabbatar masa da cewa mutane abin gudu ne.

Autar ba ta ba ni wahala ba, kuma haɗarin ke nan. Yaro mai sauƙin reno shi ake mantawa da shi, zazzaɓi ya kama shi bai yi kuka ba sai jiki ya yi zafi sosai. Na koyi taɓa goshinta da tambayarta ba sai ta nema ba.

Ba komai ne ake jingina wa hali ba. Ɗabi'a tana nan tun yaro yana goye, ba ta faɗowa rana ɗaya. In yaro mai surutu ya yi shiru kwatsam, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya fara gudun wani mutum takamaimai, a bincika abin da ya same shi, a kuma tambaye shi a keɓe cikin lallashi. In ƙaramin yaro ya rasa kalmomin da ya riga ya iya, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ba ya nuna abu da yatsa, ko yana ƙura ido ya sandare na ɗan lokaci, wannan aikin likitan yara ne, ba a jira a ce zai daina in ya girma.

Shekarar da Hajiya ta nema mini ta cika, dangin mahaifinsu suka zo suka ga yaran, ba a sake tayar da maganar riƙo ba. Ba wai yaran sun zama wasu mutane daban ba ne. Babbar tana sakandare yanzu, har gobe ba a faɗa mata abu ta karɓa ba tare da ta ji dalili ba, sai dai hannunta ya daina kai wa jikin kowa, kuma ta iya cewa "Umma, bari in huce tukuna." Namijin yana ajin ƙarshe na firamare, yana amsa tambaya, yana da abokai biyu, yana zuwa shago shi kaɗai, amma gidan biki har yanzu ba wurinsa ba ne, ni ma na daina sa ran zai zama. Badi zai shiga ƙaramar sakandare, sabon wuri da sababbin fuskoki, kuma na san shirun zai iya leƙowa. Na riga na nemi izini mu zagaya makarantar a lokacin hutu ya ga ajinsa da banɗaki da masallaci, na kuma roƙi a haɗa shi aji ɗaya da ɗaya daga cikin abokan nasa, sannan a bar shi sati biyun farko kafin a tashe shi karatu a gaban aji.